Idan Zuciya Ta Tsaya a Wajen Asibiti: Likita a Mota ko Hannun Na Kusa?

Gabatarwa

A ƙasar Daura, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, ba baƙon abu ba ne a ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ko a gona, ko yana cikin alwala, kuma kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Masu zaman makoki sukan ce da safen nan aka gaisa da shi, lafiyarsa lau. Wannan ita ce ake kira mutuwar fuju'a, kuma binciken likitoci ya nuna cewa mafi yawanta daga zuciya take tasowa, wato zuciya ta daina tura jini farat ɗaya ba tare da wata doguwar jinya ta gabata ba.

An daɗe ana muhawara a duniya a kan yadda za a ceci irin wannan mutum. Shin idan aka sa likita a cikin motar ɗaukar marasa lafiya, ya je har inda mutumin ya faɗi, yawan masu tsira zai ƙaru? Jamus da Faransa sun amsa da e, sun gina tsarinsu a kan haka. Amurka da Ingila kuwa sun bi wata hanya dabam. Tambayar ta zama ta gida tun shekarar 2022, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa baki ɗaya. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyya ta gano a kan batun, sa'an nan ta auna shi da ma'aunin ƙasar Daura, inda garuruwa ke da tazara tsakaninsu, likitoci kuma ba su da yawa.

Yadda Zuciya Ke Aiki da Yadda Take Tsayawa

Zuciya tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita da yawa ba. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Zuciyar baligi takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a kwana, tana tura wajen lita 5 na jini a kowane minti.

Abin da ke tsara wannan bugu shi ne wani ɗan kullutu na ƙwayoyin halitta da ke saman ɗakin dama, wanda ke fitar da 'yar wutar lantarki a kai a kai. Wutar takan bi wasu zaruruwa ta ratsa tsokar zuciya, sai tsokar ta matse gaba ɗaya. Ana iya kwatanta kullutun nan da makaɗin gayya: muddin manoma na bin gangarsa, fartanyu kan sauka lokaci guda, aiki ya yi gaba. Idan wutar ta rikice, kowace tsoka sai ta riƙa motsi a lokacin da ta ga dama, kamar manoman da suka daina sauraron ganga kowa na saran gabansa. A wannan hali zuciya ba ta matsewa, makyarkyata kawai take yi, kuma ko ɗigon jini ba ya fita daga cikinta. Wannan makyarkyata na cikin manyan hanyoyin da zuciyar manya ke tsayawa.

Ya kamata a bambanta tsayawar zuciya da toshewar jijiyar zuciya. A toshewa, gudan jini ne ke rufe ɗaya daga jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya. Mai wannan ciwo yakan kasance cikin hayyacinsa, yana kukan nauyi a ƙirji, yana gumi, zuciyarsa kuma tana ci gaba da bugawa. Toshewar na iya jawo tsayawa, amma ba abu ɗaya ba ne. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba ya magana, ba ya amsa kira, ba ya numfashi irin na masu rai.

Gaɓar da ke fara shan wahala ita ce ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Da zarar jini ya yanke, mutum kan suma cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka. Bayan minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan fara mutuwa, kuma ba su sake tsirowa. Masana sun ƙiyasta cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi kome ba, damar tsira kan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ita ma makyarkyatar ba ta ɗorewa. Tsokar zuciya kan ƙarar da ƙarfinta cikin 'yan mintoci ta yi tsit, kuma daga nan dawo da ita na da wuyar gaske. Saboda haka minti 10 na farko su ne fagen da ake yin nasara ko a yi asara.

Musabbabin Abin a Ƙasar Hausa

Hawan jini shi ne kan gaba. Kusan baligi 1 cikin 3 a Nijeriya na da shi, da yawa kuma ba su sani ba, domin ba ya sa zazzaɓi balle ya kwantar da mutum. A hankali yake sa tsokar zuciya ta yi kauri ta kuma gaji, irin wannan tsoka kuwa ita ce wutar zuciya ke saurin rikicewa a cikinta. Akwai kuma lalacewar ƙyamaren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara idan ba a yi maganinsa sosai ba.

Wani ciwon da arewacin Nijeriya ya yi fice da shi a littattafan likitanci shi ne raunin zuciya na masu jego. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun ba da rahoton cewa kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu na kamuwa da shi, suka kuma danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga baya ya tabbatar da yawan ciwon, amma ya fi karkata ga rashin isasshen abinci mai gina jiki da talauci da hawan jinin masu ciki. Ban da waɗannan, nutsewar yara a kududdufi da damina, da jan wutar lantarki, da faɗuwar tsawa, da zubar jini bayan haɗarin mota, duk suna iya tsayar da lafiyayyar zuciya.

Yadda Aka Fara Kai Asibiti Wurin Majinyaci

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, wanda zuciyarsa ta tsaya an gama da shi ke nan. A 1947 wani likitan tiyata a Amurka mai suna Claude Beck ya dawo da zuciyar wani yaro ɗan shekara 14 ta hanyar ratsa ta da wutar lantarki, amma sai da ƙirjin yaron yake buɗe a kan teburin tiyata. A 1956 Paul Zoll ya nuna cewa ana iya yin haka ta saman fata. Abin da wutar ke yi shi ne ta tsayar da dukkan tsokokin da ke makyarkyata lokaci guda, kamar a daka wa manoman gayya tsawa su yi shiru, domin makaɗi ya sake ɗauko kiɗa daga farko. A 1960 wasu masana uku a asibitin Johns Hopkins, wato Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka gano cewa danna ƙirji da hannu kawai na iya sa jini ya ci gaba da zagayawa. Cikin marasa lafiya 20 da suka fara ba da rahotonsu, 14 sun rayu.

Duk wannan a cikin asibiti ake yinsa, alhali mafi yawan masu mutuwar fuju'a ba su kai ga ƙofar asibiti. Wanda ya fara ɗinke wannan ɓaraka shi ne Dokta Frank Pantridge na birnin Belfast a Ireland ta Arewa. A 1965 ya haɗa na'urar girgiza zuciya mai aiki da batirin mota, nauyinta kusan kilo 70, ya ɗora ta a motar asibiti, kuma a farkon 1966 motar ta fara fita da likita da nas a ciki. A rahoton da shi da John Geddes suka fitar a 1967, sun je wa marasa lafiya 312 cikin wata 15. Mutum 10 daga cikinsu zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, an dawo da dukkansu, 5 kuma sun koma gida da ƙafarsu. Abin lura shi ne, dukkan mutanen 10 zuciyarsu ta tsaya ne ko dai a gaban ma'aikatan motar ko gab da isowarsu.

Daga nan duniya ta rabu gida biyu. A Jamus, tun 1938 likitan tiyata Martin Kirschner ya yi kira da cewa likita ne ya kamata ya je wurin wanda ya ji rauni, kuma a kan wannan ra'ayi ƙasar ta gina tsarinta. A Faransa, Farfesa Louis Lareng ya kafa irin wannan hukuma a birnin Toulouse a 1968. A Amurka kuwa, Dokta Leonard Cobb ya ɗauki 'yan kwana-kwana na birnin Seattle a 1970, ya koya musu aikin ceton zuciya, daga baya suka riƙa fita su kaɗai, likita na ba su shawara ta rediyo. Shekara ɗaya bayan haka ya fara koya wa mutanen gari dannar ƙirji, dubu bayan dubu.

Abin da Bincike Ya Nuna

Babu shakka akwai abin da likita ke ƙarawa. Ya fi ƙwarewa wajen zura bututun numfashi a maƙogwaro, yana iya gane musabbabin tsayawar ya magance shi nan take, kamar zubar jini ko iskar da ta taru a ƙirji ta danne huhu, kuma ya san yadda ake lallaɓa zuciyar da ta dawo har a isa asibiti.

Alƙaluma ma sun goyi bayan haka. Ƙasar Japan na rubuta kowace tsayawar zuciya da motocin asibitinta suka je wa tun 2005. A 2014 Akihito Hagihara da abokan aikinsa suka duba bayanan mutum fiye da 600,000, suka ga cewa waɗanda aka je musu da likita, da ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, sun fi sauran tsira. A 2016 Bernd Böttiger na Jamus da abokansa suka tattara bincike 14 da suka ƙunshi mutum kusan 127,000. Inda likita ya jagoranci ceto, kashi 15.1 cikin 100 sun fita asibiti da rai. Inda jami'an agaji ne kaɗai, kashi 8.4.

Sai dai ɗalibin kimiyya ba ya karɓar alƙalami sai ya tambayi yadda aka same shi. A cikin binciken nan 14 babu ko ɗaya da aka yi ƙuri'a wajen zaɓen wanda za a tura wa likita da wanda ba za a tura wa ba. Motocin da ke da likita galibi a manyan birane suke, kusa da manyan asibitoci, don haka mai yiwuwa kusancin ne ya taimaka tare da likitan. Bugu da ƙari, a Japan doka ta taƙaita abin da jami'in agaji zai iya yi shi kaɗai, dole tazarar da ke tsakaninsa da likita ta yi faɗi. Ga kuma yankin Seattle, inda babu likita a mota: a 2013, cikin waɗanda aka ga faɗuwarsu kuma aka tarar zuciyarsu na makyarkyata, kashi 62 cikin 100 sun rayu, adadin da ke sahun gaba a duniya.

Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada, aka buga a 2004, ya ƙara haske. An bi diddigin mutum 5,638 kafin a koya wa ma'aikatan mota zura bututu da yin allurai, da kuma bayan an koya musu. Masu tsira sun tashi daga kashi 5.0 zuwa 5.1 cikin 100, wato ba abin da ya sauya. Abubuwan da suka fi tasiri su ne a ga faɗuwar mutum, na kusa ya fara dannar ƙirji, a kuma girgiza zuciya cikin minti 8. Ita ma allurar adirenalin da aka daɗe ana dogaro da ita, da aka gwada ta a Birtaniya a kan mutum 8,014 a binciken da ya fito a 2018, ta ɗaga masu rai bayan kwana 30 daga kashi 2.4 zuwa 3.2 kacal.

A ɗaya ɓangaren, ƙasar Danmak ta wajabta koyar da dannar ƙirji a makarantu a 2005, da kuma ga masu neman lasin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, yawan waɗanda na kusa ya danna musu ƙirji ya tashi daga kashi 21 zuwa 45 cikin 100, masu rai bayan kwana 30 kuma suka tashi daga kashi 3.5 zuwa 10.8. A Suwidin, binciken mutum fiye da 30,000 da aka buga a 2015 ya nuna kashi 10.5 sun rayu idan an fara dannar kafin mota ta iso, kashi 4.0 idan ba a fara ba. A taƙaice, likita na da amfani, amma amfaninsa ya rataya ne a kan ya tarar da zuciyar da wani ya riƙe masa da hannu.

Lissafin Mintoci a Ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure. A cikin birnin Daura akwai manyan asibitoci, ciki har da na Rundunar Sojan Sama da aka buɗe a 2019. Babban asibitin koyarwa na tarayya yana Katsina, kimanin kilomita 80 daga Daura, na Malam Aminu Kano kuma ya fi haka nisa.

Lissafin mai sauƙi ne, ɗan aji ɗaya na sakandare ma zai iya yinsa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, kilomita 1 take ci a minti. Idan an ɗauki minti 2 kafin a buga waya, wasu 2 kafin direba da likita su shiga mota, saura minti 6 ke nan cikin 10, wato kilomita 6. Mai'aduwa da Zango kowannensu ya kai wajen kilomita 20 daga Daura, Baure kuwa ta ninka haka. Wannan a kan kwalta ke nan, ba a zancen ƙauyen da ake shiga ta burji ko rairayi, ko wanda rafi kan raba shi da hanya da damina. Ashe ko da an sa babban likitan zuciya a mota a Daura, mutumin da ya faɗi a kasuwar Mai'aduwa ba zai gan shi cikin minti 10 ba. Idan kuwa ana danna masa ƙirji, raguwar damar tsira kan sauko zuwa kashi 3 ko 4 a minti, tafiyar motar ta zama mai amfani.

Sai kuma batun yawan likitoci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Nijeriya na da kimanin likita 4 ga kowane mutum 10,000, Jamus kuwa fiye da 40, kuma rabon jihohin arewa maso yamma bai kai ko matsakaicin na ƙasa ba. Likitan da aka zaunar yana jiran kiran mota, an ɗauke shi ne daga ɗakin haihuwa ko ɗakin yara, inda ake ceton rayuka da yawa kullum da abin da bai kai wannan tsada ba.

Mota ita kaɗai ma ba magani ba ce, kuma filayen ƙwallo sun koyar da wannan darasi. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. Ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United. Rahotanni sun nuna motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, kuma babu na'urar girgiza zuciya. Shi ma ya rasu. Amma ranar 12 ga Yuni, 2021, da Christian Eriksen na Danmak ya faɗi ana wasa da Finland, nan take aka fara danna masa ƙirji, aka girgiza zuciyarsa sau ɗaya a cikin fili, kuma a 2022 ya koma buga ƙwallo. An ceto shi tun kafin a ɗora shi a mota.

Abin da Na Kusa Zai Yi

Abin da aka saba gani idan mutum ya faɗi shi ne a yi masa rumfa, a yayyafa ruwa, a yi fifita, wani ya kawo albasa ko ya nemi ɗura masa ruwa, sa'an nan a ciccibe shi zuwa babur mai ƙafa uku. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma babu ɗaya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ɗuren ma huhu yake shiga. Ga abin da ya dace:

1. A tabbata wurin ba haɗari. Idan wayar lantarki ce, a kashe wuta ko a ture wayar da busasshen ice.

2. A bubbuga kafaɗarsa a kira shi da ƙarfi, a dubi ƙirjinsa na daƙiƙa 10. Idan bai amsa ba, ba ya kuma numfashi daidai, a ɗauka zuciya ta tsaya. Da yawa sukan yi wani irin kakari jefi-jefi a mintocin farko. Wannan ba numfashi ba ne, alama ce cewa yanzu abin ya faru kuma akwai sauran dama. Laƙƙana kalmar shahada ba ya hana dannar ƙirji. Wani na yi, wani na dannawa.

3. A nuna mutum ɗaya a ce ya kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ko asibiti mafi kusa. Idan a kan hanya ne, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

4. A kwantar da shi rigingine a kan daɓe ko ƙasa mai tauri, ba katifa ba. A durƙusa gefensa, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisansa, a miƙe gwiwar hannu, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirji ya taso bayan kowace dannawa. Wannan kan tura kimanin rubu'in jinin da zuciya ke turawa, kuma ya isa ya jinkirta mutuwar ƙwaƙwalwa.

5. A riƙa karɓa-karɓa duk minti 2, domin hannu na gajiya. Wanda aka horar zai iya hura iska sau 2 bayan kowace dannawa 30. Iskar da mutum ke fitarwa na ɗauke da oksijin kusan kashi 16 cikin 100. Hurawar ta fi muhimmanci ga yara da wanda aka tsamo daga ruwa.

6. Kada a tsaya sai ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko mutumin ya farfaɗo. Haƙarƙari na iya karyewa, amma karaya tana warkewa.

Na'urar girgiza zuciya ta zamani ba ta fi jakar makaranta girma ba. Da batir take aiki, ɗaukewar wuta ba ta dame ta ba. Ita ke auna zuciya da kanta, ta faɗa wa mai riƙe da ita abin da zai yi da murya, kuma ba ta sakin wuta sai ta ga irin rikicewar da wuta ke gyarawa. Galibinsu da Ingilishi suke magana, don haka ɗalibin sakandare ya fi kowa dacewa da tsayawa kusa da ita. Abin da take buƙata shi ne mai kula da batirinta da mannunanta, domin suna da wa'adi.

Tsarin da Ya Dace da Masarautar

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matakin farko shi ne makaranta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shawarar a riƙa koya wa yara dannar ƙirji daga shekara 12, awa 2 a kowace shekara. Malamin bayoloji zai iya shigar da wannan cikin darasin zagayawar jini, a gwada a kan mutum-mutumi ko buhun da aka cika da tsumma, amma ba a kan ɗalibi mai lafiya ba. Makarantun 'yan mata da na Islamiyya na matan aure sun cancanci kulawa ta musamman, domin a ƙasashen da ke da ƙididdiga kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawar zuciya a gida take faruwa, kuma a gidan da aka rubuta ba a shiga, matar gida ko 'yarta ce za ta fara isa.

Mataki na biyu shi ne wuraren taruwar jama'a: masallatan Juma'a da tashoshin mota da manyan kasuwanni da filin hawan Salla da na Sallar Gani. A irin waɗannan wurare na'ura ɗaya da mutum goma da aka horar za su yi abin da motar da ke nesa ba za ta iya ba. Horar da direbobi ba sabon abu ba ne a jihar Katsina, domin ƙungiyar direbobin motocin haya ta ƙasa ta taɓa shiga shirin kai mata masu doguwar naƙuda asibiti a jihohin Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe.

Mataki na uku shi ne motar kanta: ta kasance da mai a tanki, da na'ura, da iskar oksijin, da nas ko jami'in lafiya da aka horar, a ajiye ta a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma maimakon a tara su a Daura. Likita kuwa ya kasance a bakin waya yana ba da umarni, kamar yadda aka yi a Seattle, ya fita da kansa idan abin ya faru cikin gari ko ya zama babban haɗari. Akwai madogara a doka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na matakin farko domin wannan aiki.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce, likita a mota na ƙara yawan masu tsira a inda likitoci suka wadata, hanyoyi suke gajeru, jama'a kuma suka iya riƙe zuciya kafin ya iso. Ƙasar Daura za ta iya kaiwa can, amma ginin daga ƙasa ake fara shi. Ko a ƙasashe masu arziki, waɗanda ke tsira daga tsayawar zuciya a wajen asibiti ba su cika wuce 1 cikin 10 ba, saboda haka wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai dace ba, ba shi da laifi. Ajali na Allah ne, neman magani kuwa aikin bawa ne. Rigakafi ma na da nasa gurbin, domin awon jini da ba ya cin minti 5 a ƙaramin asibiti na iya kawar da faɗuwar tun shekaru kafin ta zo. Ya rage ga malaman kimiyya na makarantun Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure su nemi ma'aikatan asibitin da ke kusa da su, a sa rana a cikin wannan zangon karatu, kowane ɗalibi ya durƙusa ya gwada da hannunsa.